Man Ɓawon Lemu

Ma'azu mai rubuta allon shaguna
yana da kwalba a ƙarƙashin benci,
bakinta toshe da tsumma.
In ka gan ta sai ka rantse ruwan famfo ne,
irin wanda Damagaram ke wa layi tun asuba.
Amma ɗiga shi a ruwa ka gani:
sama yake hawa, ya yi ido-ido,
ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ya ce daga ɓawon lemu ake tatso shi.
Na ce ƙarya ne.
Ya miƙa hannu kan tiren Cima,
ya ɗauko ɓawo, ya matse a bakin ashana,
wuta ta yi tsartuwa har girata.
Cima ta ce a biya ta ɓawonta.

Burushin da fenti ya sandare
kwana ɗaya yake yi a ciki ya tashi da taushi.
Kwaltar da ta kama ƙafar wando,
danƙon da yaro ya liƙa wa sirdin keke,
duk yana lallashinsu su saki.
Sai dai ba a barinsa buɗe,
kafin la'asar ya bi iska.
Ba a kai shi kusa da murhun mai shayi.
Kuma dubi yatsun Ma'azu,
sun tsage kamar bakin tabki a watan bazara.

Ran Alhamis, ana cin kasuwar Dole,
ɗan Nomau tela ya zo da allon ubansa a ka.
A goge, in ji shi, a sa sunana,
cajin waya zan buɗe.

Shekara ashirin da biyu ke nan
da Ma'azu ya ja waɗannan baƙaƙe,
Nomau na tsaye a kansa yana cewa
a ƙara wa almakashin tsawo.

Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa, ya jira.
Tsohon fenti ba ya son gaggawa.
Almakashi ya fara narkewa,
shuɗi ya gangaro ya shiga ƙasa,
sai baƙaƙen, ɗaya bayan ɗaya.

Da katako ya bushe, in ka karkata kai,
inuwar sunan tana nan.
Yaron ya ce, wannan fa?
Ma'azu ya ce, nan ƙarfin kwalbata ya ƙare.

Har magariba lungun nan na Zango
ƙamshin lemu yake,
masu wucewa na waige, suna neman mai yanka.