Idon Aro

Shekara hamsin babana Orval
yana auna filayen Wyoming da ƙwayar idonsa.
Ya ƙirga turakun shinge, ya kanne ido ɗaya,
ya ce, "Yadi ɗari uku."
In an taka, ɗari ukun ne.
Ba a taɓa jin ya tambayi wani nisa.

Sai bara.
Namijin barewa a tsakiyar fako, rana na sunkuyawa,
harsashi ya sauka ƙasa da inda aka aike shi,
ya karya ƙafa, ya bar rai.
Muka bi ɗigon jini a kan ciyawa mai ruwan toka
har tocila ta gaji, har dare ya shanye sawu.
A mota bai ce uffan ba,
hularsa kawai yake juyawa a kan gwiwarsa.

Yau ga mu a kantin Delbert, a garin Casper,
na'urorin auna nisa guda uku a kan tebur,
ba wadda ta fi tafin hannu.
Kwalin ta farko na ta kuri: yadi dubu biyu!
Delbert ya yi dariya ta hanci.
"Dubu biyu in rufin kwano ka saita, mai ƙyalli.
Gashin dabba shan haske yake, ba ya mayarwa.
Raba biyu, sannan ka yi ciniki.
Alkawarin kwali a jikin kwali yake ƙarasa."

Ta biyu hasken lezarta siriri ne kamar zaren ɗinki.
"A miƙaƙƙen fili, wannan ce magana," in ji shi.
"Mai faɗin haske takan cafki tsiron da ke gaba,
ta ba ka nisan kututture, ta rantse na barewa ne."
Lambobinta ja, ana karanta su ko da almuru.
Ta uku ta san hawa da gangara, tana hira da wayar salula,
kuɗinta ya kai na sababbin tayoyi huɗu.
Baba ya ture ta da ɗan yatsa:
"Ban zo ɗaukar akawu ba."
Ya tambayi batir, ko yana jure sanyin Oktoba,
ko maɓallin zai dannu da safa a hannunsa.

Muka fita bakin titi don gwaji.
Can hayin layin dogo, wani baƙin doki na kiwo.
Na ce, "Kafin ka danna, faɗi naka."
Ya kanne ido kamar da.
"Ɗari uku da goma."
Ya ɗaga ta, hannu na ɗan rawa,
ya tokare gwiwar hannu a kan mota.
Ja ya fito: ɗari uku da saba'in da biyu.
Sittin da biyu.
Tazarar ƙirji da ƙafa ke nan.
Ya daɗe yana kallon dokin.
"Marlys," ya ce, "ashe idona ya jima yana cin amanata."
Ya biya bai nemi ragi ba,
ya rataya ta a wuyansa.

Asabar da sassafe, sanyi na cizon kunne,
muna rub da ciki a kan tudu.
Garke can ƙarshen gani,
fararen ƙugunansu kamar an barbaɗa gishiri a faranti.
Ya danna. Ɗari biyar da huɗu.
Iska na kwantar da ciyawa daga hagu,
na'ura ba ta san da zamanta ba.
Na toshe kunne ina jiran ƙara.

Shiru.
Ya zare yatsa daga kunama,
ya tura bindiga gaba, ya bi ta da ƙirji.
"Ta faɗi nata," ya raɗa mini. "Saura namu."
Muka shiga jan ciki a cikin ƙaya,
ɗan saba'in a gaba, ni a bayansa,
muna rage lambar nan da fatar gwiwa,
kaɗan-kaɗan, haɓa a ƙasa.