Alfadarar Baba Cindo

A Baturiya, bayan rumfunan masu banda,
inda hayaƙin kifi ke kwana a rigar mutum,
akwai wata gajeriyar bindiga,
tsawonta bai kai kamu guda ba,
bakinta kuwa ka zura babban yatsa ya yi lilo.
Wani maƙeri ne ya fitar da ita
daga bututun sitiyarin matacciyar akori-kura.
Baba Cindo ya raɗa mata Alfadara,
don ba ta haihuwa, ba ta yafiya,
kuma wanda ya tsaya bayanta ya sha shuri.

Da yatsu shida aka haife shi a dama.
Shekarar da gadu ya tone masa rogo
ya ɗura mata albarushi ya wuce ƙima,
ta karɓi na shidan, ta bar masa biyar.
Yakan ce, "Zakka ta fitar mini,
yanzu ni da kowa ɗaya."

Ni ke riƙe masa goran albarushi,
don haka abin da zan faɗa, ganau ne.

Wata Laraba sai ga Lurwanu daga birni,
jaka a kafaɗa, biro uku a aljihu,
mai rubuta labarin bindigogi a jarida.
Ya san sunan kowace ta ƙasar waje,
ya san nauyin harsashi har da ɗigo,
ya ce shafi arba'in ya cika a kan shuri kaɗai.
Baba ya ɓare goro, ya dube shi har takalmi:
"To, ita ta karanta?"

Muka kifa tsohuwar ƙwarya kan kututturen giginya,
taku ashirin, ni na ƙirga.
Baba ya ce, "Kada ka shaƙe ta kamar mai bin bashi,
kada ka sake ta kamar hannun suruki.
Hagu gaba. Gwiwar hannu ta ɗan yi laushi.
In ta tashi, sama take so,
kai dai raka ta, yadda ake raka baƙo bakin hanya.
Buɗe baki saboda kunne.
Ido kuwa, kada ka rufe."

Ya rufe.
Tun kunama ba ta motsa ba na ga ya rufe.

Ƙarar ta tsaga fadama biyu.
Kirinjijiya suka tashi kamar an watsa gero,
wani jaki can hayi ya amsa,
hular Lurwanu ta tafi neman dangi cikin kaba,
shi kuma ya zauna daɓas, ba wanda ya ce bismillah.
Hayaƙi ya yaye, warin farar wuta ya saura.
Ƙwarya na nan kife,
ko ƙudan da ke kanta bai sauya wuri ba.

Hannunsa ya ƙi biro har la'asar.
Inna Kyauta ta gasa masa da ruwan zafi da man kaɗanya,
ya ci tuwo da hagu, yana ba mu haƙuri.
Na so shi a wannan daren, gaskiya,
don ya yi ta tambaya, bai koyar da kowa ba.

Bayan sati uku direban Haɗeja ya kawo jarida.
Baba ba ya boko, ni na karanta masa:
"Wakilinmu ya sarrafa ta cikin sauƙi,
shurinta bai kai yadda ake zuzutawa ba."
Na dakata, ina jiran ashar.

Dariya ya yi har goro ya sarƙe shi.
Ya yage shafin, ya murza shi a tafin hannu,
ya auna albarushi, ya zuba dalma,
ya tura takardar a kai da sandar ɗuri,
sau uku, a hankali, da yatsunsa biyar.
Ya miƙe, ya sa hagu gaba.
"Matsa, yaro," ya ce,
"yau za ta karanta."