Ruɓaɓɓen Gungume a Tsaunin Appalachia

Orpha Ledford ta sa gatari,
gungumen ya buɗe baki.
Kyankyasai biyu, miji da mata,
'ya'ya farare fat a gindinsu.

"Duba, Wendell," ta ce wa jikanta,
"itace ba ya narkewa a cikin jariri
sai uwa ta ɗura masa
abin da ke cikin nata."

To wa zai tafi?
Ga ci, ga bango, waje sanyi.
Babba ya zauna renon ƙani,
ƙani ya tarar da wani ƙanin,
haihuwa ta koma hannun biyu kacal,
saura suka ɗauki gini da gadi.

Haka gara ta faro, in ji ta.

Wendell bai tanka ba.
Jakarsa na cikin mota tun asuba,
tikitin Detroit a aljihu.
Ya mayar da ɓawon, a hankali.