Farin Zane a Dalanzadgad

Sun rataya farin zane a bangon makaranta,
suka ce, "Dulamsuren, matso gaba, labarinki ne."
Na matsa, gwiwoyina na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Yarinyar da ta fito a madadina ta fi ni kyau,
sanyin Gobi bai taɓa tsaga mata kumatu ba.
Yaron kam sun dace:
kunnuwa kamar faifai, hanci duk ya saɓule da rana,
Radim ke nan, ɗan masu haƙar rijiya daga ƙasar Cek.

A fim, kan tudun yashi muka haɗu, goge na kuka.
Ina! A bayan garke ne,
taguwa mai tozo biyu ta tofa masa yawu a ido,
na yi dariya har na zauna cikin kashin awaki.

A fim bakinmu ba ya hutawa,
rubutu na gudu a gindin zane.
Mu kuwa kalma bakwai muka mallaka,
huɗu nawa, uku nasa,
ɗaya ashe zagi ce.
Sauran zancen da ƙashin idon sawun tumaki muka yi shi,
muna watsawa a kan shimfiɗa,
yana maguɗi, ina kau da kai.

Ba su nuna busasshen cukun innata ba,
wanda ya cire masa haƙori,
ya miƙo mini shi da jini, kamar mai biyan bashi.
Yana nan cikin gwangwanin ashana, ƙasan adakata.

Sun sa ni bin mota da gudu ina kiran sunansa.
Mutane suka yi ta sharar hawaye.
Ni ran nan neman ɗan raƙumi aka aike ni.
Na dawo da almuru, na tarar da sawun taya
da rijiya.

Da hoto ya ƙare, wasu baƙaƙe suka tsaya su kaɗai.
Na taɓo jikata Enkhjin: me suka ce?
Ta yi jim.
"Don tunawa da shi, kaka. Bara ne."

Aka kunna fitila, ana tafi.
Mai fim ya durƙuso: "Haka aka yi?"
Na ce haka aka yi.

Gobe da sassafe zan kai raƙuma rijiyar.
Shekara sittin, ruwanta bai daina ɗan gishiri ba.