Baba Maimaita

Shekara talatin da huɗu ina ƙirgar buhu a Kalambaina,
ƙurar siminti ta riga furfura hawa kaina.
Ran da anka ba ni takardar sallama da agogon bango,
na kafa ƙusa, na rataye shi, na zauna.
Shi yana tafiya, ni ina kallo.

Wata shida ina ɗumama tabarma.
Rannan na nemi sunan ƙanen matata, na rasa,
mutumin da munka sa hannu akushi ɗaya shekara arba'in.
Sunan yana bakin harshe, ya ƙi sauka.
Na ce, Haliru, wuƙar da ta daɗe cikin kube
ba kaifi take tarawa ba. Tashi.

Na tafi Kara wurin Mode, ɗan ƙanena,
mai rumfar gero da albasa.
Na ce, ba albashi na zo nema ba, ba ni littafi da biro.
Ya yi dariya, ya turo mini kujera mai ɗingishi.

Sati na farko na ga inda kuɗi ke zuba.
Ba ɓera ba ne, ba ɓarawo ba, baki ne.
Mode yana waya, yana awo, yana aike, duk da numfashi ɗaya:
"Altine, buhu sha biyu, kai ma Alhaji!"
Wane Alhaji? Altine bai tambaya ba, kunya.
Na Wamakko ke jira, mota ta nufi Wurno.
Mai ya ƙone, yini ya ƙone,
da yamma anka zauna rabon laifi
kamar rabon naman watanda.

Na ce, daga yau duk wanda anka aika
ya maido mini da saƙon da bakinsa kafin ya taka.
Buhu nawa? Na wa? Wane gari? Maimaita.
Yara sunka kwashe da dariya,
sunka raɗa mini suna ba rago ba goro:
Baba Maimaita. Na amsa.
Tun ran nan mota ba ta sake ɓata ba.

Akwai Cika, ɗan dako mai i'ina.
In ya fara magana sai a ƙarasa masa, a wuce.
Ni da ba ni saurin zuwa ko'ina, na jira shi.
Ya yi ta faman hawa kalma kamar mai hawan kuka,
da ya kai, ashe cewa yake
rufin kusurwar gabas yana yoyo kan gero.
Buhu tara munka cece.
Kwana uku yaron yana ɗauke da maganar
bai sami inda zai sauke ba.

Luba, jikata, ita ce malamata ta waya.
Babban yatsana yana danna harafi biyu a tare,
tana cewa, "Kaka, a hankali, ba tambarin ofis ba ne."
Yanzu ina gane kuɗi sun shigo ko ƙarya ce.
In Mode ya ɗauko na'urar lissafi sai in riga shi da ka.
Wani lokaci ina ci. Wani lokaci.

Bayan la'asar, gindin dogon yaro, ni da Ladan,
mu tona gurbi, mu jera kara da tsakuwa.
Yana ci na dara, ina cin sa musu.

Ban ce tsufa ya janye ba.
Jiya na birkice rumfa ina neman tabarau,
yana nan zaune bisa goshina, Cika ya nuna.
Gwiwa na ƙara, kunnen hagu ya yi murabus.

Amma da asubar nan, ina alwala,
ruwa na gangara kan gwiwar hannu,
sai sunan ya shigo ba sallama.
Sahabi.
Na faɗa da ƙarfi, har Inno ta leƙo daga ɗaki.
Ta ce, me ya faru da Sahabi?
Na ce, ba komi. Maimaitawa nake.