Gishiri Sau Uku

Yau ma ta sa gishiri sau uku.
Na farko da bismillah,
na biyu tana tambayar ko an kira la'asar,
na uku ina kallo daga bakin ƙofa.
Muka ci. Kukar ke nan, ba wata.

Wannan fa Tabawa ce,
mai kanwa da daddawa a kasuwar Pitowa,
wadda Lahadi ba ta wayewa sai da ita.
Ta yi ciniki da Fillanci,
ta yi rantsuwa da Hausa,
ta ƙirga canji da Faransancin da ta tsinta a hanya.
Bashin mutum arba'in a kanta yake, ba littafi.
Yau ta riƙe ludayi tana tambayata sunansa.

A asibitin Garwa aka ɗaura mata ƙyalle a dantse.
Ma'aikaciya ta matsa, ta matsa, ta dubi allura,
ta dube ni kamar ni na hura wutar.
"Sha tara bisa sha ɗaya. Tun yaushe?"
Ina na sani?
Mu ciwon kai mun san shi da sunan rana,
jiri kuwa sunansa yunwa.
Ta ce jini ne ya hau,
yana cin jijiyoyin kai a hankali
yadda Binuwai ke cin gaɓa da damina,
ba a jin ƙara, sai a tashi a ga gona ta ragu.
A daina gishiri, a daina kanwa, a daina dunƙule.
A riƙa cin 'ya'yan itace.
Na ninke takardar huɗu, na yi godiya.

Ƙwaya talatin, jaka uku da rabi.
Babur ɗin da nake ja na haya ne,
mai shi ba ya karɓar labari da yamma.
Watan farko na saya,
na biyu na raba kowace ƙwaya biyu,
na uku na tarar da su a bayan ɗaki
an binne layi-layi, an yayyafa ruwa.
Ta ce gyaɗa ce, kada kaji su tone.

Na ɓoye gishiri a saman katanga.
Ta tara maƙwabta, wai ɓarawo ya shigo gidan Tanimu,
ta nuna ni.
Ni da ta goya bayan uwata ta rasu.
Wasu suka ce iska ce, a nemo turare.
Wasu suka ja 'ya'yansu ciki,
na ji kalmar da suka faɗa ƙasa-ƙasa,
ba zan maimaita ta ba.
Liman ya ce tsufa ne, a yi haƙuri.
Muna yi. Shi kaɗai ne ba na kuɗi ba.

Daren Talata ta fita ba takalmi.
A gindin gada na same ta, wajen tsohuwar tasha,
tana jiran jirgin ruwan da ya daina zuwa tun ba a haife ni ba,
wai Tanimu na ciki da kaya.
Na ce, "Kaka, hau mu tafi."
Ta ce, "Nawa ne zuwa gida, yaro?"
Na ce kyauta.
Ta ce, "Wadda ta rene ka ta iya reno."
Na tuƙa a hankali, iska na share mini ido.

Da asuba ta kama hannuna, idonta tar,
ta ce, "Sallau," sunana na gaskiya,
"akwai dala sha biyar ta Asta mai nono
tun shekarar kwalara.
Kai mata, kada in kwanta da ita."
Shekara tara ke nan da binne Asta.
Na ce to.
Na kai wa jikarta, ta yi dariya, sannan ta yi shiru.

Da na dawo, tukunya na kan wuta.
Ta gano inda na ɓoye gishirin.