Tsakuwa a Kunne

Ranar da abin ya fara ko tsaye ban tashi ba.
Juyi kawai na yi a shimfiɗa, wajen hagu,
sai azarar ɗaki ta zura da gudu,
taga ta koma inda ƙofa take.
Na damƙe gefen gado
kamar mai tsallake kogin Haa da damina.
Lhazom ta ce, "Me ka sha jiya?"
Ban sha komai ba. Na yi amai a kwanon wanke fuska.

Bakana ya koma rataye bayan murhu,
gorar tana shan hayaƙi, tsirkiya a kwance.
Ni da nake hango allon harbi daga wancan ƙarshen fili,
ɗan ƙarami kamar tafin hannu,
yanzu tsanin gidanmu, taka tara,
da baya nake sauka, ina lalube.

Rabgay ya zo dubiya da cuku a ƙunshe.
Ya ce mutanen ƙetaren gada sun cinye mu sau biyu.
Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa,
kamar mai gaisuwar mutuwa.

Hanyar Thimphu duk kwana ce,
na yi ta ido a rufe, leda a hannu.
Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ba.
Ta ce wasu 'yan tsakuwa ne, ba su kai ƙwayar gishiri ba,
suka bar ɗakinsu can cikin kunne
suka shiga lungun da ba nasu ba.
Na yi dariya, jiri ya katse ta.
Ni da na goya duwatsun ginin gidana a baya!

Ta riƙe kaina kamar mai tayin kabewa,
ta kwantar, ta juya, ta ƙirga, ta sake juyawa.
Duniya ta yi hajijiya, ta gaji, ta tsaya.
Amma ƙafa ta riga ta daina yarda da ƙasa,
kuma yarda, in ta zube, da cokali ake kwashe ta.

Jikata Pelzom ta ɗiga baƙin gawayi a jikin ƙofa.
Kowace safiya in kafa masa ido
ina kaɗa kai dama da hagu,
kamar mai ƙin abin da ba a ba shi ba.
Ita ke ƙirga, tana maguɗi,
in ta ga na yi gumi sai sha biyu ta zama ashirin.
Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan bargo.
Na faɗi. Na tsaya.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ba a faɗi yadda ake yi da na cikin kunne ba.

Da barkono ya yi ja a kan rufin gidaje
na sauko da bakan, na goge masa toka.
Filin yana nan, iska na kaɗa tutocin addu'a,
na kau da ido daga kansu,
na kafa shi kan allo, ɗigon gawayin Pelzom.
Na ɗana. Na ja har kunne, wannan kunnen.
Dutsen da ke gabana bai motsa ba.
Na saki.

Ta faɗi nesa da allo, kusa da wani kare mai barci.
Ko ɗaga kai bai yi ba.
Sai Rabgay ya ƙwalla daga can:
"Gyeltshen, karen ne ya ci maka bashi?"
Fili ya ɗauki shewa.

Wata bakwai kowa yana lallaɓa ni kamar ƙwai,
yau aka yi mini ba'a.
Na tsaya ina shanta kamar shayi mai zafi.

Har yau da matashi biyu nake kwana,
in an kira ni, da dukan jiki nake waiwayawa.
Ban sami allon ba ranar, kibiya goma sha huɗu.
Ta ƙarshe ta tayar da ƙura a gindinsa.
Na je na tsinto ta da kaina,
na durƙusa a hankali, kai a miƙe,
na tashi ban dafa kowa ba.